Goɗiyar Osman da Guɗar Ummusalama

Har yau akwai matan da idan na shiga gidan suna, ko na tsaya a layin ruwa, sai su rage murya, don na tarar da su cikin maganar Osman. Wai shi ne mutumin da ya fifita dabba a kan ɗan cikinsa. Osman ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni Jummare ni na goya shi, kuma ina wurin ranar da abin ya faru. Masu surutun nan ko dai ba su je ba, ko sun je amma idonsu na kan tiren shayi. Don haka bari in faɗi ko wane ne shi da yadda aka yi, wanda zai ci gaba da zagi ya ci gaba, amma ya san abin da yake zagi.

Mahaifinmu baduku ne a suk, wato kasuwar Gadarif, yana ɗinka takalma da kube da ragamar dawaki. Ya so Osman ya gaje shi, amma Osman ba ya iya zama wuri ɗaya. Tun bai fara gemu ba ya hau lori da leburori zuwa Gadambaliya yankan riɗi da dawa. Mai gonar da ya faɗa hannunsa yana da dawaki na asalin Larabawa, ba don noma ba, don nunawa a biki da wasanni, kuma akwai wani tsoho Elsadig, mutumin Kurdufan, da ke kula da su. Sauran leburori in an tashi aiki sai su miƙe a inuwa, bayansu na ciwo. Osman kuwa sai ya nufi barga ya kwashe kashi kyauta, don dai a bar shi ya tsaya kusa da su. Shekara da shekaru yana haka, damina a gona, rani a gida. Ya yi aure, ya haifi Hiba da Mutaz, bai daina ba.

Da tsufa ya ci ƙarfin Elsadig zai koma garinsu, yana da wata 'yar duƙusa tasa ta kansa, gashinta ya soma fari, mai tabon waya a cinya. Ya ce ba zai ɗora ta a lori ta mutu masa a hanya ba. Ya miƙa wa Osman igiyarta. Haka ƙanena ya shigo mana gida da ƙafa tun daga Gadambaliya, yana jan wata aba mai dogayen ƙafafu kamar zalɓe, yana murmushi kamar wanda ya dawo daga Makka.

Na ce, "Wannan kuma me za ta ci? Kai?"

Ya ce, "Yaya, sunanta Gamra."

"Ban tambayi sunanta ba."

Ita ce ta ciyar da gidan nan fiye da shekara goma, in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba.

Wanda bai ga wasan Gamra ba ba zai gane sauran maganar ba. Ana share fili a ƙofar gidan biki, ko filin idi bayan salla. Mutaz, da ya girma, shi ke kaɗa ganga. Osman na tsaye da farar jallabiya, ba bulala a hannunsa, sai dabino a aljihu. Gamra ta shigo da geza a tsefe, an sa mata lalle a ƙafafun gaba kamar amarya. Ta taka rawa daidai da kiɗa, ta yi gefe-gefe, ta juya, ta ɗaga ƙafa ta gaisa da ango. Duk wannan wasu dawakin ma sun iya. Abin da ya sa ake kiransu har Shuwak da Kasala shi ne ƙarshen wasan. Mutaz ya ajiye ganga ya ɗauki tsohuwar bindigar farauta da aka ɗura wa albarushi kawai, ya harba sama. Gamra ta yi tangal-tangal, ta durƙusa, ta kife a gefe ɗaya, ta miƙe ƙafafu, ta rufe ido. Osman ya faɗi kanta, ya ɗora kanta a cinyarsa yana kuka yana kiran sunanta. Na ga tsofaffin mata suna share hawaye da bakin tob, dogon mayafin da muke naɗawa, alhali sun san ƙarya ce, sun gani a bikin bara. Can sai matarsa Ummusalama ta fito daga cikin mata ta rangaɗa guɗa. Gamra ta zabura ta miƙe, ta girgiza jiki, ta lanƙwasa gwiwa ɗaya ta rusuna wa jama'a.

To a nan maganar take. Biki a garin nan cike yake da mata masu zagaruda, irin guɗar Larabawa da ake kaɗa harshe. Tun daga fara wasa har ƙarshe ba sa shiru. In da kowace guɗa na tashin Gamra, da ba ta kai ga rufe ido ba wata za ta ɓata wasan. Saboda haka Osman ya koya mata murya ɗaya tak. Guɗar Ummusalama irin ta iyayenmu ce da suka zo da ita daga yamma, ana toshe hanci da yatsu, ta fito siririya ta daɗe tana rawa. Ya shafe watanni yana tara mu a tsakar gida, ni da matan maƙwabta. Ya kwantar da Gamra a yashi, ya ce mu yi ta guɗa. In ta motsa sai ya danna wuyanta a hankali ya ce mata a kunne ta zauna. Sai Ummusalama ta yi tata, ya ɗaga hannu ya ba ta dabino. Ni kaina ina cikin waɗanda aka koya wa dabba ta raina muryarsu. Na yi ta guɗa har maƙogwarona ya bushe, a biya ni da shayi. A lokacin dariya muke yi. Osman kan yi alfahari ya ce, ko matan Gadarif duka za su taru a kanta, ba za ta tashi ba sai uwar Hiba ta ce.

Sai yaƙi ya zo.

Bai shigo mana gari da ƙafarsa ba, amma ya aiko mana da duk abin da yake da shi. Makarantu suka cika da mutanen Khartum, daga baya na Madani, kowa da buhu da tabarma. Biki ya koma ɗaurin aure da lemo a kofi. Wa zai kira doki ya yi rawa? Wannan bai dami Osman sosai ba, ya koma taya wani ɗinkin fata a suk, ana samun na dusa da harawa. Abin da ya hana shi sukuni shi ne bindiga. Da can a unguwarmu bindiga ɗaya ce ke tashi, ta Mutaz, kuma mun san lokacinta. Yanzu kowane yaro da ya yi sati uku a sansanin horo yana da ita a kafaɗa. An haifi ɗa, a harba. An ji labari mai daɗi a waya, a harba. Ba a ji komai ba ma, a harba don hannu na ƙaiƙayi. Kuma kowace ƙara in ta yi kusa, Gamra ta kife. Ba ruwanta da yaƙi, ita a saninta an zo ƙarshen wasa. Ta taɓa faɗuwa a kan turke ta yage haƙarƙari. Ta taɓa faɗuwa a tsakiyar titi ana jan ta zuwa shan ruwa, motoci suka yi layi suna oda, sai da aka ɗauko Ummusalama a raksha, keke mai ƙafa uku, da hannunta duk ƙullin wainar kisra.

Daga nan Ummusalama ta zama ɗaurarriya. Ba ta zuwa suk, ba ta zuwa gaisuwa nesa. An gwada ɗaukar muryarta a waya, Gamra ta karkaɗa kunne kawai ta ci gaba da mutuwarta. Osman ya yi ƙoƙarin warware abin da ya ƙulla, ya riƙa buga gwangwani yana riƙe da ragama don kada ta faɗi. Gwangwani ba bindiga ba ne, ta san bambanci. Ya koma cusa mata auduga a kunne yana ɗaure da tsumma, ta zama kamar mai ciwon haƙori. Mutumin da ke cika gida da dariya ya koma in ana magana da shi rabin hankalinsa na waje. Ƙofa ta buga da ƙarfi, sai ka ga kofin jabana, gahawarmu, ya zube a hannunsa.

Na ce masa, "Ka sayar da ita ka huta."

Ya ce, "In sayar da ita haɗe da uwar Hiba?"

Ga kuma ciki. Kafin abubuwa su lalace haka ya kai ta wurin wani ingarman Larabawa a Shuwak, don shekaru sun fara hawa kanta, yana son ya sami 'yarta. Ta ɗauka. Ya ce mini goɗiya mai tsohon ciki in ta daɗe kwance a gefe ɗaya nauyin cikin ke danne mata numfashi. Da haka ya shiga damina, yana kallon cikinta yana sauraron gari.

Mutaz kuwa, bayan faɗuwar Madani, ya bi 'yan sa kai. Ina zaune ranar da ya faɗa wa ubansa. Osman ya ce, "Kai da ba ka taɓa harba komai ba sai hayaƙi?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Ai Baba na fi su duka daɗewa da bindiga." Ya je ya shafa goshin Gamra, ya sumbaci hannun uwarsa, ya tafi. A tsakiyar damina aka bugo waya. Can wajen Sinnar ne, an riga an rufe shi. Ko takalminsa ba mu gani ba.

Aka kafa siwan, babbar rumfar makoki, ta cinye ƙofar gida da rabin titi. Mata suka cika ɗakuna da tsakar gida, aka girke tukwane a bargar Gamra don babu wani wuri. Dole a fitar da ita. Bayan gidan akwai Khor Abu Farga, kwarin da ke ratsa gari, yawancin shekara a bushe, yara na ƙwallo a ciki. Osman ya gangara da ita ƙasa, ya ɗaure ta a wani tudun yashi a gindin gaɓa, inda ciyawa ta fito. Tunaninsa shi ne gaɓar za ta tare mata ƙarar gari. Wannan shi ne kuskurensa, kuma ba na ɓoye shi. Wanda aka haifa a Gadarif ya san kwarin nan ba ya jiran a yi ruwa a kanka. Ana iya yin sa can nesa, kai kana cikin rana, sai ka ga ya iso. Amma mutumin da ya rasa ɗa, ya kwana biyu bai runtsa ba, kunnensa na kan bindiga, wa zai ce masa ya dubi sama?

Ranar uku bayan la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaga gefen siwan. Sai ga mota cike da abokan Mutaz cikin kaki, babbansu wani Hamoda, dogo, idonsa ja. Suka shiga suka ɗaga hannu aka yi fatiha, suka rungumi Osman, wasunsu na kuka da gaske, ba na zaluntar su. Sannan suka fita, suka zagaya bayan gida inda ba jama'a, suka jera a bakin kwari daidai saman kan Gamra, suka ɗaga bindigogi don girmama abokinsu. Wai girmamawa! Uwa na ciki ta kwana uku ba ta haɗiyi ruwa ba, ku zo ku ƙara mata ƙarar abin da ya kashe ɗanta, ku kira shi girmamawa.

Ina rarraba shayi na ji ta. Kafin ƙarar ta mutu na ga Osman ya ratsa ta cikin masu gaisuwa ba takalmi, rawaninsa ya warware yana ja a ƙasa. Na ajiye tire na bi shi.

Tana kwance a yashi, ƙafafu a miƙe, ido a rufe, audugar kunne ɗaya ta faɗo. Cikin nan ya yi tudu kamar rumbu, yana hawa yana sauka da ƙyar. Osman ya ja ragama, ya kira sunanta, ya sa mata dabino a leɓe. Ko gezau. Maza suka gangaro daga siwan, aka kawo igiya, aka zura a ƙarƙashinta, mutum wajen goma suka ɗaga. Ta saki jiki kamar buhun dawa jiƙaƙƙe, kamar yadda aka koya mata, suka sauke ta suna haki.

Wani mai awaki a ɗaya gaɓar ya ɗaga sanda yana ihu, "Ya jama'a, ruwa! Ya wuce gadar sama! Ku fita daga ciki!"

Na duba. Ga shi can, siririn abu kamar maciji, yana turo kumfa da robobi da karan dawa a gabansa. Haka yake fara zuwa, a hankali, kamar ba zai yi komai ba.

Ban tsaya tunani ba na toshe hanci na yi guɗa, ƙasa-ƙasa, ina jin kunya har cikin ƙashina. Osman ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, ai kin sani. Ni na koya mata kada ta kula taki."

Hamoda ya sauko da gudu. "Ya ammi, kawuna, malesh, ka yi haƙuri, wallahi ba mu sani ba. Bari in harba ɗaya kusa da kunnenta, za ta firgita ta tashi."

"Ka harba ta ƙara mutuwa?" Ban taɓa jin muryar Osman haka ba. "Ɗauke wannan abin daga gabana. Ɗauke shi!"

Kowa a wurin da ya taɓa ganin wasan ya san abin da ya rage, guɗar Ummusalama, amma wa zai nemi guɗa a gidan makoki. Osman ya hau gaɓa da gudu, na bi bayansa har ƙofar ɗakin da Ummusalama take. Tana zaune a tabarma a ƙasa cikin farin tob, mata sun kewaye ta, fuskarta ta kumbura, tana jan carbi ba ta ma san tana ja ba. Ya tsaya a bakin ƙofa. Bakinsa ya motsa. Ta ɗago ta dube shi. Wallahi na ga maganar ta zo masa har leɓe, sai ya sunkuyar da kai ya juya. Bai ce mata komai ba. Masu cewa ya tilasta mata, ku ji da kyau, bai ce mata ko kalma ɗaya ba.

Da na koma bakin kwari ruwan ya riga ya kewaye tudun yashin, ya kai idon sawu, ja, mai sanyi. Mazan duk sun hau sama. Osman ya zauna a cikin laka ya ɗaga kan Gamra ya ɗora a cinyarsa don kada ruwa ya shiga hancinta. Haka kuwa yake yi a wasa. Duk lokacin da kanta ke kan cinyarsa yana kiran sunanta, ita a saninta wasa na tafiya daidai, sai ta ƙara lafewa. Yana son ya cece ta, yana ƙara ce mata ta mutu. In ya saki kan kuma, ruwa.

"Osman, fito!"

Bai ko waiwayo ba.

"Don girman Allah ka fito, ka bar ta! Ɗaya muka rasa, kana so mu kafa siwan na biyu?"

Ya ce, "Mutaz ya ce in kula masa da ita."

Ban san ko yaron ya faɗi haka ba, ban ji ba. Amma na san ƙanena. Na ga yadda ya zauna, na san ko da igiya ba za a fitar da shi ba. Ruwan ya hau kan ƙafafunsa, ya fara wasa da jelar Gamra. Daga sama ana jin wani gurnani kamar manyan motoci na tahowa a jere.

Na koma ɗaki, na tsallake ƙafafun mata, na tsuguna gaban Ummusalama. Ni ban iya zagaye ba.

"Uwar Hiba, Gamra ta faɗi a cikin kwari. Ruwa ya iso. Mijinki na zaune da kanta a cinya, ya ce ba zai fito ba."

Wata dattijuwar maƙwabciyarmu, Atine, da ta naɗa kanta sarauniyar kowane makoki a unguwar, ta dafe ƙirji. "A'uzu billahi! Jummare, kina da hankali? Guɗa kike so ta yi? A gidan makoki, ranar ukun ɗanta? Me duniya za ta ce?"

Na ce, "Inna Atine, duniya ta iya iyo? In ta iya ta je ta fito da shi."

Ummusalama ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye carbi a tabarma, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Ƙafafunta sun sage da zama, sai da na riƙe ta. Muka ratsa tsakar gida, muka wuce tukwane, mata suka biyo mu wasu na salati. Mazan da ke bakin gaɓa suka dare, kowa ya kawar da ido.

Ruwan ya kai wa Osman ƙugu a zaune. Ya rungume kan Gamra a ƙirjinsa, hancinta kaɗai da ido ke sama. Ummusalama ta tsaya a bakin gaɓa, ta kama hanci, ta buɗe baki. Iska ce kawai ta fito. Kwana uku tana kuka, muryar ta tafi. Ta sake, wani ƙaraurau ya fito kamar na ƙofa mai tsatsa. Kunnen Gamra ya juya, ya tsaya, ya koma ya kwanta. Ba ta gane ta ba.

Na ji wani a bayana ya ce, "Kalas, shi ke nan." Na ji gurnanin nan ya ƙaru. Wani reshen bishiya ya wuce da gudu ya bugi bayan Osman.

Sai Ummusalama ta fizge hannunta daga nawa ta gangara. Ta zame a laka, ta tashi, ta shiga ruwan har gwiwa, farin tob ɗin ya zama ja. Ta isa kansu ta sunkuya. Na ga ta rufe ido, ta daɗe kamar mai neman wani abu a ƙasan akwati. Sannan ta toshe hanci. Ta fito. Ba irin ta da ba ce, a tsage take, amma ita ce, siririya, doguwa, tana rawa, ta haye kwari ta dawo.

Gamra ta zabura. Ta turo ƙafafun gaba, ta zame, cikin ya rinjaye ta, ta sake yunƙurawa da wani nishi, ta miƙe ruwa na zuba daga jikinta. Ta girgiza. Sannan, a tsakiyar ambaliya, ta juyo wajen mutanen da suka zo gaisuwar mutuwa, ta lanƙwasa gwiwa ɗaya ta rusuna musu, tana jiran tafi.

Ranar ce kaɗai a rayuwarsa Osman ya daki Gamra. Ya zabga mata igiya a gindi yana ihu, ta yi tsalle ta kama gaɓa, maza suka ja ragama. Hamoda ya diro cikin ruwa ya ciccibi Ummusalama, wannan na ba shi. Osman ne na ƙarshe, ya hau da rarrafe. Bai gama miƙewa ba babban ruwan ya iso, ya shafe tudun yashin da turken da komai, har da mushen wata akuya yana juya shi.

Na yafa wa Ummusalama mayafina, muka koma ɗaki tana karkarwa. Ta zauna a tabarmarta da laka a ƙafa, ta ɗauki carbi. Da magariba, da mutane suka ragu, ta ce mini da 'yar muryar da ta rage, "Yaya, guɗar da na ajiye wa ranar auren Mutaz ce."

Kafin sadakar bakwai labari ya zaga Gadarif ya rabu biyu. Su Atine suka ce matar Osman ta yi guɗa a makokin ɗanta saboda doki, mijin ne ya sa ta. Wasu kuma, da suka ji daga nesa ba su ga komai ba, suka riƙa zuwa suna yaba mata, wai jaruma, uwar shahidi da ta yi murna. Ban san wanne ya fi ƙona mini rai ba. Matar nan ba murna ta yi ba, ba kuma raini ba. Mijinta ta fitar daga ruwa da abu ɗaya da ya rage mata.

Gamra ta haihu kafin ƙarshen damina, mace, baƙa-baƙa kamar yadda farare ke fitowa. Ranar nan Ummusalama ta leƙa barga ta dube su, ta ce wa Osman, "Abu Mutaz, ka nemi dabara. Waccan guɗar ce ta ƙarshe, ba ni da wata." Ya ce ya sani.

Da aka fara yankan riɗi ya ja uwa da 'ya ya koma Gadambaliya da ƙafa, ta hanyar da ya zo da ita. Ya sami wata gona can ciki, nesa da titi da shingen bincike, ya yi bukka. Mutum mai furfura ya koma riƙe lauje tare da sa'o'in ɗansa. Ummusalama ta bi shi bayan arba'in, tana dafa wa leburori abinci. Na je na gan su sau ɗaya. 'Yar duƙusar ta fara ɗaga ƙafa in ya buga mata gwangwani, ya ce rawa zai koya mata da gaisuwa, iyakarta ke nan. Gamra na gefe tana cin karan dawa, kunnuwanta a ɗaure da tsumma.

Muna shan jabana wani mai gona ya tsaya da mota, ya ce zai aurar da 'yarsa bayan girbi, ko Osman zai kawo farar nan ta yi abin da ta saba? Osman ya ce ta daina. Mutumin ya nace, ya ce ai biki ne babba, har da 'yan'uwansa sojoji za su zo. Na ga hannun ƙanena ya ƙanƙame kofin.

Ya ce, "Wace rana ce? Kuma ta wane gefe gidan yake?"

Mutumin ya faɗa yana murna, yana zaton ya yarda. Da ya tafi Osman ya daɗe yana kallon inda ya nuna, sannan ya tambayi Ummusalama ko akwai sauran auduga, ya ce ranar tun da safe zai ja su can bayan dutse, inda ko tarakta ba ta zuwa.